Bazarar da Injin Kawu Ya Tsaya

Gyaran ƙananan injuna nake yi a Yelwa, a wata rumfar kwano bayan kasuwar kifi. Injin ban ruwa, janareto, injin markaɗe, wani sa'in har na kwale-kwale. Yawancinsu da sun bar rumfar nake mancewa da su, amma ban da na kawuna.

Kawu wan Inna ne, manomin albasa a bakin tafki, can wajen Ngaski. 'Ya'yansa maza sun tafi haƙar zinari, suka bar shi da matarsa da gona. A shekarar ruwa ya ja baya da wuri. Kullum sai ya ƙara wa mesa tsawo, yana bin ruwan cikin taɓo, injin ban ruwansa kuma yana ta aiki tun safe har la'asar.

Wata ranar kasuwa ya iso da shi ɗaure a bayan babur, an lulluɓe shi da buhu. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Ɗana, duba mini wanga abu. Jiya ya yi wata irin ƙara, ya tsaya."

Na ja igiya, ta ƙi motsi. Na kwance filogi, na ɗiga mai a ramin, na sa sifana na gwada juyawa. Ko gezau. Da na buɗe wurin baƙin mai na karkata injin, abin da ya fito bai cika cokali ba, kauri kamar kwalta, da ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ɓangaren da ke jan ruwa kuwa cike yake da yashi, fankar ta cinye.

"Kawu, yaushe rabonka da juye mai?"

Ya kawar da kai. "Ina ƙara mishi in na samu."

Na faɗa masa gaskiya: fistin ya kama, ringi ya karye, sai an sake su. Ya kalli kayan cikin injin da na baje a kan kwali.

"Albasar ta fara kai," ya ce. "In ta rasa ruwa yanzu, shi ke nan."

Injin tsohon yayi ne, an daina kawo irinsa. Na zagaye masu sayar da kayan gyara na Yelwa kaf, babu. Na ba wani direba tsohon fistin ɗin ya kai Kontagora, ya dawo mini da wanda ya yi girma. Na sake mayarwa. Na nemi aron inji wurin mutanen da nake wa gyara, kowa ya ce tasa albasar ma tana jira, kuma ba ƙarya suka yi ba. Maƙwabcin gonar Kawu ya so ya taimaka, mesarsa ba ta kai ba.

Kullum na koma gida Inna na zaune a bakin murhu, tambayarta ɗaya ce: "Ya tashi?" In ce tukuna. Sai ta ci gaba da tura itace a wuta.

Ashe duk kwanakin nan Kawu da jarka biyu yake ban ruwa. Ya ratsa taɓo har gwiwa, ya cika, ya hauro, ya zuba a fangalin albasa, ƙasa ta shanye kafin ya juya. Mutumin da gemunsa ya gama fari, cikin zafin bazara. Matarsa ta roƙe shi ya bari, ya ce ba ya iya zama gida yana sane abin na ƙonewa.

Ranar da fistin da ya dace ya iso, ban ci abinci ba sai da na ɗaure injin. Na zuba sabon mai, na ja igiya, ya yi tari ya kama. Na ɗora shi a babur na nufi ƙauyen.

A ƙofar gida na tarar da mutane zaune jugum. Matar Kawu ce ta kai masa fura da rana, ta iske shi kwance tsakanin fangali, jarka ta kife a gefensa. An kai shi asibiti an dawo da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Na durƙusa kusa da tabarmarsa na ce, "Kawu, na kawo injin." Ya dube ni, ya motsa leɓe, maganar ba ta fito ba.

Washegari na kai injin gona da kaina. Ganyen albasar ya kwanta, ya yi ruwan ƙasa, sai 'yan fangalin da ke kusa da ruwa, waɗanda ƙarfinsa ya kai. Su na shayar. Na rufe rumfa na zauna a ƙauyen har aka cire albasar, ƙanana ƙanana, wadda 'yan sari ko kallo ba su yi ba. Matarsa ta yanka ta shanya don miya.

Kawu ya rasu farkon damina. 'Ya'yansa suka zo gaisuwa, suka ba da gonar haya, suka koma ramukan zinari. Matarsa ta dawo gidanmu, tana zaune ɗaki ɗaya da Inna har yanzu.