Tsohuwa Mai Zane a Fulawa

Ranar Juma'a ce a birnin Haifa na Isra'ila. Tirza na layin gidan burodi, kowa na sauri kafin hutun Asabar na Yahudawa ya shiga. Tsohuwar da ke gabanta kuwa ko a jikinta. 'Yar firit ce mai shuɗin ɗankwali, ta naɗe hannun riga, ga lambar da 'yan Nazi suka zana mata ta koɗe a fata. Ta karɓi burodinta amma ta ƙi matsawa, tana zana taswirar garinsu na ƙuruciya da yatsa a fulawar da ta barbazu kan tebur.

"Nan rijiya. Nan ɗakin ibadarmu. Nan gidan mai gyaran takalmi, maƙaryaci na ƙarshe, Allah ya ji ƙansa." Yatsan ya ɗan tsaya. "Nan kasuwa, inda 'yan Nazi suka tara Yahudawan garin."

Tirza na bin gidajen da ido, tana tunanin mutum nawa suka rage da za su iya ce wa tsohuwar ta yi kuskure. Wataƙila babu.

"Iya, kin mayar min da tebur Poland," in ji mai burodin yana dariya, ya ɗauko tsumma. "Layi fa ya kai titi."

Ta buge masa hannu. Ta ƙara kogi, ta kalli garinsu son ranta, sannan ta goge da tafinta.

"Wancan karon wasu suka share shi," ta ce, tana karkaɗe hannu. "Yanzu ni ke sharewa. Ka bar min fulawa Juma'a mai zuwa."