Kalmar da ta ɓace wa Kawu Garba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Garba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a makarantun Jega da Maiyama, kafin ya yi ritaya ya koma noman albasa a Aliero.

A shekararsa ta ƙarshe ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Ƙafa ta dawo, amma kalmomi suka riƙa zube masa. Wata Juma'a na je gaishe shi, aka ciro masa farar babbar rigarsa daga akwati, sai ga ta ta yi ɗorawa-ɗorawa saboda daɗewa a ajiye. Ya jima yana kallonta.

"Bature na da magana guda don wanga," ya ce. "Kalma biyu ce a haɗe, ba kowa ya san ta ba. Na sha koya wa yara ita."

Na jero duk waɗanda na sani, yana girgiza kai. Na ɗauka abin wasa ne, sai da na ga ƙwalla a idonsa. Ba rigar ce ta dame shi ba. Tsoro yake kada aikin rayuwarsa ya tsiyaye daga kansa yana ji yana gani. Na bi malamai a Jega ina tambaya, kowa ya ba ni tasa, duk Kawu ya ce ba ita ba ce.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, matarsa Inna Hajo ta sa aka kira ni.

"Ɗana, kalmar nan ta dawo mai fa. Jiya da hantsi shina shan kunu ya hwaɗe ta, ya yi ta dariya. Ya ce in aje maka."

"Mi ce ce, Inna?"

"Ni da ban san Turanci ba? Na riƙe ta har azahar, ta kuɓuce mani."

Yau 'yata kan latsa waya ta samo irin waɗannan kalmomi kafin in rufe baki. Nakan tambayi kaina, da Kawu na nan, murna zai yi ko tausayin yaran da ba su san daɗin neman abu har a same shi ba? Ina jin duka biyun.

Ni dai na daina nema. Ya ishe ni sanin cewa Kawu bai bar duniya yana lalube ba. Ya tafi da abinsa a hannu, yana dariya. Allah Ya jiƙansa.