Ranar da Na Datse wa Dutse Kai

Har gobe ban manta da ranar da na datse wa wani dutse kai a ƙasar Poli ba, na haɗa da gonar wata tsohuwa.

Ni dai a firamare karatuna ya tsaya. Na yi furfura ina riƙe wa masu difiloma sandar awo a cikin rana. Da ofishinmu na Garoua ya sayi dron, wato ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoton ƙasa daga sama, samari suka kama tuƙi, ni kuma aka jefo mini abin da kowa ya ƙi: zama gaban ordinata, wato kwamfuta, ina shata wa manhaja iyaka. Kafin ta haɗa hotuna su zama taswira, sai ka zana mata filin, ka ba ta lamba biyu, ta ƙasa da ta sama. Duk abin da tsayinsa ya haura lambar sama, zubar da shi take yi.

Aka tura mu auna gonakin wani ƙauye a jikin dutse. Wata ƙungiya ce za ta ja musu ruwa, kuma gonar da ta fito a taswira kaɗai za a kai wa bututu. Jauro, mai garin, ya ce sam. Akwai makwancin kakanninsu can sama, baƙo ba ya ganinsa, ba kuma za a sa shi a takarda ba. Patron, wato shugaban ofishinmu, ya juyo ya dube mu. Ni kuwa na gyara hula na ce wannan ai wasa ne, zan sauke lambar sama ta tsaya ƙasa da wurin. Jauro ya kira ni injiniya. Ranar ko gaisuwar direba ban amsa ba.

Da muka dawo da taswirar, dutsen ya fito a shafe kamar tebur. Dattawa suka yaba. Sai wata tsohuwa, Dada Marta, ta matso ta daɗe tana dubawa.

"Malam, ina gonata?"

Na ce mata duba taswira sai wanda ya koya. Ta ce haka ne, amma ga gonar maƙwabcinta, ga hanyar awaki, daga nan sai fari fat. Ashe gonarta a bayan dutsen take, nesa da makwancin, sai dai ta fi shi tudu. Lambata ta share su tare.

"Mijina yana can wurin kakanni, ɓoye shi, na yarda," in ji ta. "Ni ban mutu ba tukuna."

Samarin suka juya baya suna ƙunshe dariya.

Na bi ta muka hau ta hanyar baya. Tana gaba ba takalmi, ina baya da tumbina ina haki, har sai da ta karɓi jakata. Na auna gonar, na sauko na raba filin gida biyu, kowane da tasa lambar sama. Makwanci ya ɓoyu, gona ta fito, bututu ya isa.

Ku samari, abin da na koya ke nan: lamba ba ta san kabari ba, ba ta san gona ba, tsayi kawai ta sani. Kafin ka ja layi a kan mutane, hau da ƙafarka ka ga wa ke samansa.

Da kaka ta yi, Dada Marta ta aiko da gyaɗar godiya. Gidan patron aka kai.