Masinjan da Ya Fi Ni

A shekarun da nake koyarwa a wata firamare kusa da Kiyawa, tun ban yi aure ba, mun taɓa yin fim. Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke haɗuwa ranar Asabar a harabar wata makaranta a Dutse, yawancinmu malamai ne da ƙananan ma'aikata. Wani mai ɗaukar bidiyon biki ya yarda ya ɗauke mu, muka yi sati uku muna abu ɗaya.

Ni na kawo labarin, ni kuma na fito a babban ɗan wasa. Wani masinja ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, in ya je ƙauye ƙarshen mako sai ya riƙa cewa ba a sa hannu a takarda sai da saninsa. Rannan sai ga kawunsa ya jawo akuya har ofis, ya zo a sama wa ɗansa aiki, ya tarar da shi ɗauke da kwanon ƙosan oga. Wanda ya fito a kawun abokina ne tun daga kwalejin horon malamai, mutumin Miga, ɗan gidan makiyaya, dogo, mai wuyar dariya. Da auduga muka yi masa gemu. Akuyar kuwa ta maƙwabta ce, ana cikin ɗauka ta miƙa wuya ta cinye takardar da ke kan tebur, ba mu tsara haka ba, muka bar shi a ciki.

Kaset ɗin ya zaga. Masu shayi suka riƙa saka shi, in na shiga kasuwar Shuwarin sai in ji ana kiran Masinja daga rumfa zuwa rumfa. Wajen shekara biyu ina jin daɗin wannan suna. Daga baya abin ya lafa, na yi aure, aka mayar da ni ofishin ilimi, har na kai matsayin da ni ma ake ba ni masinja.

Bara da damina, bayan la'asar, ina zaune a tsakar gida sai babbar 'yata ta zo da waya a hannu tana murmushi, ta ce wai an sake yin fim ɗinmu. Na karɓa na sa tabarau. Wasu samari ne na nan Dutse suka yi shi, hoto tas, magana tana fita sarai. Masinjan wani siririn saurayi ne, 'yar tawa ta ce ɗan adaidaita ne, ta sha ganinsa a bakin tasha. Wayoyi biyu ya riƙe, duk babu kati, yana kara su a kunne yana ba gwamnati umarni a gaban mutanen ƙauye. Yana da wata tafiya: a ƙauye ƙirji a gaba, da ya doshi ƙofar ofis sai ka ga yana raguwa, kafin ya kai teburin oga ya zama rabinsa.

Maiɗakina tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta yi dariya har ta ajiye faifan ta share hawaye da gefen mayafi. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa jin ta yi wa nawa irin wannan dariya ba.

Sai kawu ya shigo da akuyarsa. Abokina ne. Shi ɗin dai, wannan karon da gemunsa na gaske, fari fat. Sati biyu kafin nan mun haɗu a wani ɗaurin aure, muka ci abinci a kwano ɗaya, bai ce mini komai ba.

Na miƙa wa yarinyar wayarta na ce sun ɓata labarin. Ta tambaye ni ta ina, na ce ba za ta gane ba.

A majalisarmu ta ƙofar shagon tela, mako guda ba a yi wata hira ba sai wannan. Aka rabu biyu. Telan ya ce na da ya fi, don a lokacin mutane ba su iya ƙarya a gaban kyamara ba. Wani tsohon malamin dabbobi ya ce ba fim ɗin muke yabo ba, ƙuruciyarmu muke yabo, da za a kawo mana shi yau da rabinmu sun yi gyangyaɗi. Ni na fi kowa zaƙewa. Na ce yaran yanzu ba su san haƙuri ba, kowane minti sai sun cusa abin dariya, na ce kiɗan ya yi yawa, na ce ko akuyar tasu an ga alamar an shafa wa takardar gishiri. Duk wannan akwai gaskiya a ciki, amma ba don gaskiyar nake faɗa ba. Da malamin dabbobin ya dube ni ya ce, "Malam, ka dai yarda yaron nan ya fi ka iya tafiyar," sai na yi dariya tare da kowa, na tashi tun ba a kira magariba ba.

Na koma bin sharhin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin fim ɗin. A ofis, tsakanin fayil da fayil, sai in ciro waya in yi ta gangarawa ina neman inda aka ambace ni. Yabon saurayin ne ko'ina, sai na kawu. Can na tarar da wani ya tambaya ko tsohon masinjan yana nan da rai. Wani ya amsa masa da cewa Allah ya jiƙansa. Mutum uku suka ce amin. Na fara rubuta amsa, na goge.

Ranar wata Asabar na hau babur na tafi Miga, inda abokina ya koma bayan ya ajiye aiki, yana noma yana duba 'yan shanunsa. Gero ya fara fitar da kai, hanya duk laka. Na same shi a ƙarƙashin dalbejiya, aka kawo fura, muka gaisa kamar ba komai. Sai da na sha na ce ashe ya zama ɗan fim bai gaya wa mutane ba.

Ya dube ni yadda ya saba, fuska ba motsi. "Kai suka fara nema," ya ce. "Sau biyu suna zuwa ofishinka, ana ce musu kana taro. Na ɗauka ba ka so ne, shi ya sa ban tayar maka da zancen ba."

Nan take na tuna. Masinjana ya taɓa leƙowa ya ce ga wasu yara 'yan fim, ni kuma na zaci gudunmawa suka zo nema, na ce ya sallame su. Na so a ce wannan ya sanyaya mini rai. Bai sanyaya ba, sai dai ya bar ni da haushi ba wanda zan ɗora wa.

Ya ce ai samarin sun juye tsohon kaset ɗin sun tura masa a waya, ya kira 'ya'yansa da wasu maƙwabta muka kalla tare. Rabona da kallon fim ɗin ya fi shekara goma sha biyar. Iska tana ta buga makirufo, hoton ya koɗe. Ga ni nan, siriri, cikin kakin aro da ya yi mini yawa, ina magana da ƙarfi kamar ina gaban aji, kowane lokaci ina satar kallon kyamara. Na riƙa jiran wuraren da na san ana fashewa da dariya, wuraren suna zuwa suna wucewa shiru. Da kawu ya shigo, bai ce komai ba, ya tsaya kawai yana duban kwanon ƙosan yana duban fuskata, sai wurin ya kece. Aka sake kecewa da akuya ta ci takarda.

A kan hanyar komawa na yi ta juya abin. Ashe ko a wancan lokacin shi ake yi wa dariya, ni sunan kawai na ɗauka. Na tafi Miga da kishin saurayi ɗaya, na dawo da na mutum biyu, ɗayan ma na makara da shi shekara ashirin.

Bayan kamar wata guda saurayin ya zo gidana da kansa, abokina ne ya kwatanta masa. Ya ajiye adaidaitarsa a ƙofa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa. A fili ba shi da surutu ko kaɗan. Ya ce tun yana ƙarami yake kallon kaset ɗinmu a wurin mai shayin unguwarsu har ya haddace, tafiyar da ake yabo ma a wurina ya gani, ya dai ƙara mata ne. Za su yi kashi na biyu, suna so in fito a oga, in kuma akwai shawarar da zan ba su a kan labari suna so.

Akwai. Tun a wancan zamanin na rubuta ci gaban labarin a wani littafin rubutu na 'yan makaranta, inda aka yi kuskure aka tura wa masinjan takardar ƙarin girma ta wani. Ƙungiyarmu ta watse kafin mu yi shi. Littafin yana cikin akwati a ɗakina, taku kaɗan daga inda muke zaune. Na dubi yaron, na hango shi yana yin wuraren da na rubuta wa kaina, yana yin su fiye da yadda zan iya. Sai na ce masa aikin gwamnati ba zai bar ni in fito a fim ba, labari kuma an daɗe, na manta. Na sa masa albarka, na raka shi har bakin adaidaitarsa.

Da na dawo ciki maiɗakina, wadda ta ji komai daga bayan labule, ta ce, "Malam, kishi kake yi da yaron nan." Na ce wane irin kishi da ɗan cikina. Ta kwashe kofunan.

Kashi na biyu ya fito bayan sallar layya. Labarin bai tsaya ba, sun yi ta maimaita abin da suka yi a na farko, har da wata akuyar. A majalisa kowa ya yarda bai kai ba, masu sharhi ma suka juya wa yaron baya, wasu har da zagi. Na karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Daɗin ya kai ni kwana biyu. A rana ta uku na gan shi a bakin tasha yana jiran fasinja, ya hango ni ya taso da gudu ya gaishe ni, ya ce sun ji jiki a wannan karon amma za su sake gwadawa. Na ce Allah ya taimaka.

Daga baya na gaya wa abokina zancen littafin, shi kaɗai na gaya wa. Ya ce in ba shi ya kai musu, ba sai an ce daga wurina ya fito ba. Na ce in za a kai, da sunana za a kai. Ya ce to in kai da kaina. Na ce sai na sake dubawa tukuna, akwai wuraren da ke son gyara. Na ciro shi daga akwatin, na karanta, na gyara shafi biyu. Har yau ban kai ba.