Wuƙar Oga Bitrus da Mangwaron Goggo Asabe

Sun yi toho! Wallahi sun yi toho, 'yan ajinmu! Ashirin da huɗu cikin ashirin da tara, har da gyara guda ɗaya a bakin titi wadda wani Sajan yake gadi kamar 'yar cikinsa. Yanzun nan na dawo daga Paki, ko takalmi ban cire ba, na ce sai na zubo muku labarin kafin caji ya ɗauke. Ku 'yan ƙasa da mu da za ku fita aiti bana, wato koyon aiki a wajen makaranta, ku matso kusa, da ku nake. Asabar ɗin nan ta sati uku da suka wuce ba za ta taɓa fita raina ba.

Ga wanda bai sani ba, ni Nazifi ina aiti ne a wani lambun renon itatuwa a Makarfi. Shugabanmu Oga Bitrus, dattijo ne daga kudancin Kaduna, amma ya daɗe a nan har in yana Hausa sai ka rantse a Gazara aka yanke masa cibiya. Babban aikinmu auren mangwaro. Wato ka samu ƙaramin dashe da ya fito daga ƙwallo, ka yanke kansa, ka ɗauko ɗan reshe daga bishiyar da ake son irinta, ka haɗa su ka ɗaure. In Allah ya sa suka karɓi juna, 'ya'yan da zai yi irin na waccan bishiyar ne sak.

Aikin da wuƙa ake yinsa, kuma ba kowace wuƙa ba. Ta Oga 'yar ƙarama ce mai naɗewa, bakinta bai wuce tsawon yatsa ba. Daga waje ya yi odarta, kuma kullum sai ya ba mu labarin yadda sai da ya nuna takardar cewa kayan aikin gona ce kafin ta iso hannunsa. Madam yake kiranta. Dokarsa ɗaya ce a kanta: “Madam ba ta hawa aljihu. A jaka take tafiya, ita da ledar ɗauri da takardar ofis da katinka na makaranta.”

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu ta 'yan lambu. In ka wasa wuƙa, a gashin hannunka kake gwada ta. Ta aske, ta yi. Ba ta aske ba, koma kan dutse. Shi ya sa duk ɗan lambunmu hannunsa na hagu faci-faci yake kamar filin da awaki suka yi wa kiwo, ga 'yan ƙananan yanka nan da can. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai ni.

To, akwai wata tsohuwa a Paki, Goggo Asabe. Mahaifinta ya dasa wani mangwaro a Gazara tun tana yarinya, irin wanda babu zare ko ɗaya a cikinsa. An raba gado, an sayar da filin, wanda ya saya zai yi gini, an sa ranar sare bishiyar. Ita kuma shekara biyu tana renon dashe talatin a bayan gidanta, tana jiran a aura musu reshen bishiyar babanta. Oga ya yi mata alkawari. Sai ga shi ranar ta faɗo daidai da wata bita da zai yi wa manoma a Kudan.

Ya kalle ni ya ce, “Nazifi, za ka iya?”

Na ce, “Oga, ko a barci.”

Ya ce, “A'a, don Allah ka yi shi a farke.” Ya miƙo mini Madam.

Da sassafe ina Gazara. Na hau, na zaɓo rassa talatin masu kaurin fensir, na tsige ganyensu, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na sa a jaka. Ban ma bar unguwar ba na ji injin yankan katako ya tashi. Ina kan acaɓa na waiga, na ga kan bishiyar ya yi gefe ya tafi. Shi ke nan. Duk duniya abin da ya rage na mangwaron baban Goggo shi ne abin da ke bayana.

Ga inda na kwafsa. Da na gama yanka, na goge Madam a wando, na naɗe ta, na jefa aljihu. Hannu ne kawai ya saba. Takardar ofis da katina kuwa suna aljihun rigar aikina da na rataye a lambu, don na canja na sa wata riga mai kyau saboda hoton da zan ɗora a sitatus. Gayu, jama'a. Gayu ne ya kusa kashe ni.

Mun kama hanyar Ikara, kusa da wani gari da ke cin kasuwa ran nan, sai ga shinge. 'Yan sanda da 'yan sintiri, ana sauke duk wani matashi ana lalube shi. Ashe kwanakin baya samari sun yi rigima a kasuwar har an ji wa wani ciwo. Aka ce in sauka. Hannu ɗaya aka kai aljihuna, sai ga Madam.

Sajan ɗin, wani dogo mai furfura a gemu, ya buɗe ta, ta yi ƙyal a rana. Ya ce, “Wannan fa?”

“Wuƙar aiki ce, yallaɓai.”

“Kowa haka yake cewa. Wane aiki?”

“Auren mangwaro.”

Wani ɗan sintiri ya ce, “To ina goron?” Aka kwashe da dariya. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni tuni ya matsa gefe yana cewa shi fa fasinja kawai ya ɗauka, bai san ni ba, bai san gidanmu ba.

Sajan bai yi dariya ba. Ya ce in naɗe hannun rigata. Na naɗe. Ya ga faci-facin nan da 'yan yanka. Ya zazzage jakata a kan benci, ya warware tsumman, sanduna talatin suka baje.

Ya ce, “Ga wuƙa. Ga hannun da kake gwada ta. Ga itacen maganin tauri. Saura me, samari?”

Kai! A lokacin na ga kaina yadda yake ganina. Wallahi ko ni ne shi, abin da zan ce ke nan. Na ce ni ɗalibi ne. Ya ce kati. Babu. Takarda daga wurin aiki. Babu. Na kira Oga sau uku, wayar na ta ringin ba a ɗauka, yana gaban manoma. Sajan ya ce in zauna, mota za ta zo da la'asar ta kai ni ofis, wuƙa da sanduna su zama shaida har sai mai ni ya zo. Gobe Lahadi. Kun gane ai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoron kwanan ofis. Amma idona na kan bencin nan. Rana ta fara zafi, sandunan suna shanye a fili, kuma reshen aure in ya bushe ya mutu, ko likitan gona na duniya ka kira. Na ce a raina, Nazifi, ko me za a yi maka, mangwaron nan ba a hannunka zai ƙare ba.

Na ce, “Yallaɓai, alfarma ɗaya. Ni ku bar ni a ranar. Amma don girman Allah a mayar da su cikin tsumman a sa a inuwa. In akwai ruwa a ɗan yayyafa.”

Ya juyo ya kalle ni da kyau. Ya ce, “Shekarata nawa a aikin nan, ban taɓa ganin wanda aka tsare yana roƙa wa kara inuwa ba.” Amma ya sa aka naɗe su.

Nan na ɗan samu ƙofa. Ina dube-dube sai na hango wani dashen mangwaro a bayan rumfarsu, tsayinsa ya kai gwiwa, irin wanda ke fitowa in an sha an yar da ƙwallo. Na ce, “Yallaɓai, ba ni da takarda, amma ina da hannu. Ba ni wuƙar minti biyar in aura wa wancan. In ka ga ban iya ba, ni da ƙafata zan shiga motar.”

Ya ce, “In ba ka wuƙa? Ni ka mayar ɗan yau?”

Sai wani dattijo cikin 'yan sintirin, mai riƙe da gora, ya sa baki. Ya ce, “Sajan, ba shi. Ni manomi ne, na ga ana yi. Ba abin da ake ƙirƙira a tsaye ba ne. In ƙarya yake, hannunsa zai tona shi.”

Sajan ya miƙo mini wuƙar, sannan ya ce, “Zauna a ƙasa. Ka miƙe da ita a buɗe, kai ka sani.”

Na zauna dirshan. Na yi bismilla, na tuno Oga yana cewa, “Yanka ɗaya, kar ka yi ta sassaƙa kamar mai feren rake.” Na datse kan dashen. Na tsaga shi a tsakiya kamar gaɓar yatsa. Na zaro reshe ɗaya, na fere gindinsa nan da nan, gefe biyu, ya yi tsini kamar bakin gatari. Na zura, na daidaita ɓawo da ɓawo, na ɗaure da leda tamau daga ƙasa zuwa sama, na kifa masa wata ledar don kar ya sha iska. Na naɗe Madam, na ajiye ta a ƙasa, na tura masa da yatsa.

Dattijon ya ce, “Ai ka gani. Wannan ba ɗan tauri ba ne, ɗan wahala ne.”

Sajan ya tsuguna ya duba ɗaurin. Sannan ya ce, “Saurara, ɗalibi. Ba wanda ya ce maka mallakar wuƙar aiki laifi ne. Mahauci na da ita, wanzami na da aska, a kicin ɗin gidana akwai uku. Abin da nake tambaya shi ne me take yi a jikinka, a ina, kuma me zai nuna gaskiyarka. Mahauci in ya zo da tirensa da namansa, ba na tsayar da shi. Kai ka doso kasuwa da wuƙa a aljihu da rigar gayu. Me kake so in ɗauka?”

Ya rubuta sunana da makarantarmu da lambar Oga a littafinsa. Yana cikin rubutu sai ga kiran Oga. Suka yi magana da Sajan, Oga ya tabbatar masa, sannan aka ba ni wayar.

“Nazifi, Madam a ina take lokacin da aka tsayar da kai?”

“Oga… a aljihu.”

“Za mu gana ranar Litinin. Wuce Paki.”

Mun gana kuwa. Sati guda ina cika ledojin dashe da taki, ko inuwar Madam ban gani ba.

Na isa Paki bayan azahar. Goggo Asabe na zaune a ƙofar gida tun safe. Ta ce, “Ɗan nan, na ɗauka ka ɓata.” Na warware tsumman, ta ɗauki reshe ɗaya ta riƙe kawai. Ban ci abinci ba sai da na gama, ɗaya bayan ɗaya, har rana ta yi sanyi. Dashe ɗaya ya rage babu abokin aure. Ta ce ina nasa? Na kwashe komai na faɗa mata, ina jiran faɗa. Sai ta ce, “A bakin hanya ka dasa shi? To ai ka yi wa Baba sadaka. Matafiya su sha, lada ya same shi.”

Yau na koma. Ashirin da huɗu sun ɓullo da jan ganye sabo fil, Goggo har da guɗa. A hanyar dawowa na tsaya a shingen nan. Jama'a, an kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, ga gwangwanin ban ruwa a gefe, ga toho biyu a kai. Sajan na hango ni ya ce, “Malamin aure! Zo ka ga 'yarka.” Muka gaisa kamar 'yan uwa. Sannan ya ce, “Ina wuƙar?” Na ce tana jaka, ga takarda, ga kati. Ya ce, “Buɗe in gani.” Sai da ya duba kuwa, ɗaya bayan ɗaya. Raha daban, aiki daban.

Ni ba lauya ba ne, ba zan karanto muku sashe kaza ba. Abin da na koya shi ne wanda ke bakin shinge bai san zuciyarka ba, abin da ya gani a jikinka da shi zai yi hukunci. Kayan aikinka su yi tafiya tare a jaka ɗaya, da takarda, da kati, don su yi maka magana kafin ka buɗe baki. Ni hannuna ya fisshe ni don na dace da dashe a bayan rumfa da dattijon da ya san noma. Kai ba lallai ka dace ba. Kuma in za ka gwada kaifi, ga takarda nan, ka bar gashin hannunka ya huta.

Don Allah ku tura wannan guruf ɗin 'yan aji ɗaya da na 'yan aji biyu, da duk wanda kuka san zai fita aiti da wuƙa a hannu.