Randar da Na Baro a Bakin Teku

Ku gyara zama, 'ya'yana, ku ba ni kunnuwanku, ga labarin tafiyata.

Mun tashi da asuba daga Ushafa, ni da matar ɗana, wadda ke jin Turanci. Wata makarantar ginin tukwane ce a Amurka ta gayyace ni in nuna musu yadda muke gini da hannu, mu gasa a fili. Muka bi ta Dutse, muka ratsa Kubwa. Inda na san gonakin doya, duk gidaje sun tsiro, kowa da salula a kunne. A filin jirgin Abuja aka faɗa mini kuɗin shayi, na ce ƙishirwar ta wuce.

Garin da muka sauka yana bakin teku. Itatuwa tsirara, rana ta fito amma ba ta aiki. Abincinsu dankali da kifi, babu yaji, sai da na kwance ƙullin yajin da na zo da shi. Mai masaukinmu Baturiya ce, malamar makarantar, hannunta duk ya yi kanta irin nawa. Mijinta kuwa aikinsa duban yanayi, shi ke faɗa wa gari abin da sama za ta yi.

Na gina tuluna da kasake, sannan na gina randa babba, wadda murhunsu na lantarki ba zai ɗauka ba. Ƙananan suka bushe, randar ta ƙi, don iskarsu laima gare ta. Kun san ɗanyar tukunya in ta ji wuta, fashewa take. Ga shi ranar komawarmu ta matso.

Ana cikin haka mijin Baturiyar ya dawo daga aiki ba fara'a. Ya buɗe kwamfuta, matar ɗana tana fassara mini. Ya nuna zanen wata iska da ke gudu can sama kamar kogi, ya ce ta lanƙwaso, tana jawo sanyi daga ƙarshen arewa. Daga kudu kuma wata iska mai ɗumi na hawowa ta kan teku, ɗauke da ruwa. In sun haɗu kusa da gaɓa, dusar ƙanƙara za ta binne garin. In sun haɗu can nesa, kifaye ne za su sha. Ya ce manyan na'urori biyu ke yi musu lissafi, tasu da ta Turai, kuma sun saɓa: ɗaya ta ce gaɓa, ɗaya ta ce teku.

Na ce a tambaye shi, shi wacce ya gaskata. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya amsa, matar ɗana ta fassara mini.

"Mama, ya ce zuciyarsa ta fi karkata ga gaɓa, amma ba zai rantse ba. Ya ce in shi ne, gobe zai hura wuta."

Na taɓa cikin randar, na ji sanyi a tafin hannuna. In na sa ta gobe, tana iya fashewa ta fasa tukwanen da ke kusa da ita. In na jira, ƙanƙara na iya hana mu wutar gaba ɗaya. Tunda uwata ta ɗora hannuna a kan yumɓu, ban taɓa barin abin da na gina wani ya gasa ba.

Washegari muka jera ƙananan a fili, muka lulluɓe da itace da ciyawa, na hura. Randar na bar ta a ɗaki. Ɗalibai suka kewaye wutar, ban sani ba ko darasi suke ɗauka ko ɗumi suke ji. Tukwanen suka fito jawur, tulu ɗaya ne ya tsage.

Kafin la'asar na'urorin suka daidaita baki, duka suka ce gaɓa. Mutane suka cika shaguna suna kwasar burodi da madara. Da gari ya waye, ƙanƙara ta binne komai, babu hanya, babu mota, babu filin da muka yi gashi. Fari fat, shiru kamar an ɗauke duniya. Na damƙi kaɗan, ta narke ta bar ni da ciwon yatsu.

Filin bai bushe ba har ranar tafiya. Na kira Baturiyar, na kama hannunta na sa a cikin randar, na nuna mata sanyin da za ta jira ya fita. Na nuna mata yadda za ta fara da ƙaramar wuta a ciki, da inda za ta jingina itace. Na ce wa matar ɗana, "Faɗa mata kada ta yi sauri. In ta fashe, ba zan ga laifinta ba."

Muka sauka Abuja, zafi ya tarbe mu, na yi hamdala. Na koyi cewa mai ilimin gaskiya yana faɗa maka iyakar saninsa, ya bar maka zaɓi.

Matar ɗana ta koma ajin da take koyarwa a Bwari, har yau tana tsokanata da kuɗin shayi. Mijin Baturiyar yana nan yana sulhunta na'urorinsa. Baturiyar ta jira har ƙanƙara ta narke, ta gasa randar ita kaɗai, ta bugo waya ana fassarawa: bakin ya ɗan tsage, amma ta zuba ruwa ya kwana bai ragu ba. Ni kuwa a makon nan na miƙa ashana ga matan da nake koya wa gini, su hura wutar gashi da kansu, na koma gefe na zauna.