'Yar Tunkiyata da Kwalabe Biyu

Safiyar Laraba, ashirin da takwas ga Agustan 1991, washegarin da rediyo ya ce an yanke mu daga Sakkwato an ba mu jiharmu ta Kebbi, garinmu Zagga ya tashi da kiɗa tun kafin a sauke koko. Samari sun ɗaura ganye a kekunansu suna zagaya gari, mata na guɗa ta kan katanga, Baba kuwa ya fito da rediyonsa ƙofar gida yana maimaita wa duk wanda ya wuce labarin da kowa ya riga ya ji. Ni kaɗai ce ban fita ba. Ina tsugune a garke bayan rumbu ina sharɓar kuka, domin tunkiyar Kaka ta haihu da asuba ta mutu, ta bar 'yar jaririya jiƙe tana rawar sanyi. Kaka, mahaifiyar Baba, ta goge ta da tsohon buhu, ta ɗora mini a cinya ta ce, "Wagga taki ta, Balki. In ta rayu ke ta, in ta mutu ke ta." Da Baba ya shigo shan ruwa ya gan mu, sai ya yi dariya ya ce ai wannan sa'ar jiharmu ce, a kira ta Jiha. Shekarata tara a lokacin.

A gidanmu haka ake yi da marayar dabba: a danƙa wa yaro, abin da ya sha ta sha, inda ya kwanta ta kwanta, har ta yi ƙarfin shiga garke. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi fiye da yadda aka ba ni. Kowace safiya nakan tari matan Fulani a bakin hanya in karɓo madara a ƙoƙo, in tsoma yatsana in sa mata a baki har ta iya tsotso. Da ta yi mako biyu na fara raba kunun tsamiyata da ita, kurɓi ɗaya nawa, kurɓi ɗaya nata, a ƙoƙo ɗaya. Tabarmata tabarmarta ce, kuma ba sau ɗaya ba Inna ta yi mini faɗan fitsarin kwance alhali ba ni ce mai laifin ba, na kuwa karɓi laifin. Da aka koma makaranta ta riƙa bina har bakin aji, ta kwanta gindin darbejiya tana jiran hutun ƙarfe tara. In muna 'yar gala-gala sai ta shigo tsakiyar zanen ta tsaya, ƙawayena su yi ta ƙorafi an ɓata musu wasa. Da rana mu gangara fadama korar tsuntsaye daga shinkafa, muna kaɗa gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ƙishirwa ta kama mu mu durƙusa a tafkin da shanu ke sha mu ɗiba da tafin hannu. Ban taɓa jin daɗin damina kamar wannan ba.

Abu ɗaya ne ya hana gidan sakewa. Ƙanena Sani, ɗan shekara uku, ya kama zawo da ya ƙi tsayawa. Ya yi sauƙi kwana biyu ya dawo, an jiƙa sassaƙe, an yi rubutun sha, yaro sai ramewa yake yi har wuyansa ya fito. Ana cikin haka wasu likitocin dabbobi suka zo makarantarmu daga birni, tare da Baba Sande, wani Bayarabe Kirista mai duba jini da fitsari a asibitin Bagudo, wanda ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta koma irin tamu. Suka tara mu a filin makaranta, Baba Sande ya ce suna son su gano ko ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjin yara su ne ke cikin hanjin dabbobin gida. Aka ba kowa ƙananan kwalabe masu lamba da 'yan tsinke, ɗaya ta ɗalibi, ɗaya ta ƙaninsa, ɗaya ta dabbar da ta fi kusa da shi, aka ce gobe a kawo ɗan bayan-gidan kowa a tasa. Yara suka fashe da dariya, wasu na toshe hanci. Ni ban yi dariya ba, saboda na ji ƙarshen maganarsa sarai: duk gidan da aka samu cuta iri ɗaya a yaro da dabba, to a raba su.

Ina dawowa gida na wuce garke. Jiha ma a kwanakin nan bayan-gidanta ruwa-ruwa ne, kuma na tabbata in aka duba za a ga wani abu. Sai na zauna na yi lissafi irin na mai shekara tara. Ni mutum ce, ina wanka, ina alwala, ina cin tuwo in ƙoshi, ba abin da ke damuna in ban da ɗan murɗar ciki da ban ɗauke shi ciwo ba. Ashe ke nan nawa mai tsabta ne. Ba sai na yi dogon bayani ba: da safe na zaga bayan gida da kwalabe biyu, tawa da ta Jiha, na fito da su duka a cike ba tare da na wahalar da Jiha ba. Na miƙa su a makaranta ina jin babu mai wayona a duk ƙasar Bagudo.

Bayan mako guda Baba Sande ya zo gidanmu da kansa a kan keke, da takarda a aljihu. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni kuma na laɓe bayan ƙofa da Jiha a hannu. Ya ce an samu ƙwayar cutar a kwalbar Sani, an samu a tawa, an kuma samu irinta sak a ta 'yar tunkiya. Ya bar magani, ya ce a riƙa tafasa ruwan sha, a fitar da dabba daga ɗakin yara. Mahaifina mutum ne da ba ya yin abu rabi. Yana shigowa ya ce, "Ran kasuwa Ardo na tahe, sai ya tahi da ita ƙetare. Ɗiyana sun hi tunkiya." Ardo amininsa ne, Bafulatani mai ruga a cikin ƙasar Benin, inda ban taɓa zuwa ba kuma ba a barin yarinya ta je. Kasuwa saura kwana uku.

Kwana biyu na yi ina kewaya tsakar gida. Na san gaskiya, na san ita kaɗai za ta hana a tafi da Jiha, amma ta yaya 'ya mace za ta buɗe baki gaban ubanta ta yi irin wannan magana? Mu da ko sunan abin ba ma kamawa, sai dai a ce an zaga. A rana ta biyu da hantsi na sami Kaka tana sussukar gero, na durƙusa na gaya mata da murya ƙasa-ƙasa, idona a kan turmi. Kaka ta saki taɓarya ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta share hawaye ta sake dubana ta sake fashewa. Na roƙe ta ta gaya wa Baba a madadina. Ta ce, "Ba ni hwaɗa miki. Hannunki yay yi, bakinki ka hwaɗi. Ɗauko zane ki goya ta, mu tahi Bagudo."

Haka muka hau a-kori-kura, ni da Jiha goye a bayana, kanta ya leƙo ta kafaɗata, fasinjoji na tambayar Kaka ko an yi suna. A asibiti muka sami Baba Sande a ɗan ɗakinsa mai warin magani. Kaka ta gaishe shi ta koma gefe ta naɗe hannu. Na faɗa. Ban san yadda kalmomin suka fito ba, na dai san kunnuwana sun yi zafi kamar an gasa su. Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya ce, "To, yanzu na gane. Na ga ƙwayar kuɓewa da ɓawon barkono ciki, nac ce lalle tumakin Zagga 'yan gata na, har miya suka sha." Sai kuma ya daina murmushi ya ce da na yi shiru, da sun rubuta abin da ba haka yake ba, kuma da wasu yaran sun rasa dabbobinsu saboda ni. Wannan ta fi dariyar Kaka shiga jikina.

Ya ba mu sabuwar kwalba ya ce wannan karon a gabansa za a ɗiba. Nan fa aka shiga jira. Jiha, wadda a gida ba ta da aiki sai ɓata tabarma, ta tsaya gindin bishiyar asibiti ta ƙi yin komai. Muka ba ta ruwa, muka zagaya da ita, masu jinya suka baro majinyatansu suka kewaye mu, kowa da shawararsa, wata tsohuwa har da shafa mata ciki. Sai bayan azahar ta ga dama, aka kuwa yi tafi kamar an ci ƙwallo. Baba Sande ya shafa ɗan kaɗan a gilashi ya sa a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya daɗe yana dubawa, ya sake wani ya duba. Sannan ya ɗora ni kan kujera ya ce in rufe ido ɗaya. A na Jiha ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigo. Ya ɗauko wani gilashin ya nuna mini irin abin da ya gani a nawa, wasu 'yan ƙwai-ƙwai birjik. Ya ce zawon Jiha ba na cuta ba ne, kunun tsamiya ne bai karɓe ta ba, in daina ba ta.

Da muka dawo na durƙusa gaban Baba na miƙa takardar, na sake faɗar abin da na yi, wannan karon ina kallon yatsun ƙafarsa. Gemunsa ya soma motsi, ya tashi ya shige zaure, daga can muka jiyo dariyarsa. Kaka ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji ta ce, "To, a raba Jiha da Balki, kar Balki ta sa ma baiwar Allah cuta." Aka yi wa Jiha ɗan shinge a bakin ɗakinmu, aka hana mu ruwan tafki, Inna ta shiga tafasa na randa. Na sha magani mai ɗaci kwana biyar ba tare da na yamutsa fuska ba. Kafin a gama girbin shinkafa Sani ya murmure har yana bin kaji da gudu. Ardo ya zo ran kasuwa ya sha fura, ya ji labari, ya koma Benin hannu rabbana yana dariya.

Yanzu 'yata ta fari tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a birni, kuma irin wannan binciken take yi. Ta ce madubi ba ya rarrabe ƙwayoyin cutar, domin ta tunkiya da ta mutum kan yi kama a ido; sai an karanta ƙwayoyin gadon ita cutar ake sanin wadda ke tsayawa a dabba da wadda ke tsallakawa jikin yaro, kuma akwai masu tsallakawar da gaske. Da na ba ta wannan labari ta riƙe baki, ta ce a wurinsu wannan laifi ne babba. Na ce na sani, amma ta rage faɗa, domin ragon da aka yanka ranar sunanta jikan Jiha ne. 'Ya'yanta suna shan ruwa mai tsabta, ba su san murɗar ciki ba, kuma na gode wa Allah da haka. Sai dai ba su taɓa farkawa da numfashin dabba a wuyansu ba, ba a kuma taɓa ɗora musu rai a cinya aka ce nasu ne ba. Ni an ɗora mini, kuma har yau ina jin nauyinsa.